Laifinmu ɗaya: mun sa Inna a jirgin ruwa

Jama'ar Dogo, na gida da waɗanda ke ci-rani, da duk masu kama mu a rediyo suna kuma leƙo wannan shafi. Yau ba cigiyar akuya muka zo da ita ba, ba kuma farashin tiyar hatsi ba. Magana ce a kanmu. Tun da an kwashe sati uku ana yin ta a bayan idonmu, a fada-fada da bakin tasha, mun ga ya dace mu amsa a gaban kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ga laifin da aka ce mun yi. A watan Janairun nan da ya wuce mun ɗauki mahaifiyarmu da ƙanwarmu mun kai su Yamai, mun yi kwana biyar, kuma a cikin kwanakin mun yi hayar jirgin ruwa mun zaga da su a kan kogin Isa. Ba asibiti muka je ba, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Hutawa kawai. Shi ke nan fa. Wannan shi ne abin da wasu suka kira almubazzaranci, wasu suka ce boko ya ɓata mu mun koma Nasara, wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce mun ɗauki tsohuwa mun kai ta bakin halaka don a ɗauke mu hoto.

Bari mu fara gaya muku yadda abin ya samo asali, sannan mu bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya.

Wani dare muna zaune a tsakar gida, ƙanwar tamu tana latse-latsen waya, sai ta faɗa kan bidiyon wani jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar ƴan yawon shaƙatawa daga birnin Miyami na Amurka a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20 ne, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikatansa da suka haura 2,000. Ƙauyuka nawa ne a komin ɗinmu ba su kai haka mutane ba? Ta miƙa wa Inna wayar. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Wannan wane gari ne aka gina a tsakiyar ruwa?" Muka ce jirgi ne, mutane ke biyan kuɗi su shiga su yi sati guda suna ci suna sha suna barci, jirgin na yawo da su daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ta ce: "Har da tsofaffi?" Muka ce ga su nan kina gani, ƴaƴansu na riƙe da hannunsu. Sai ta yi tambayar da har yau take mana yawo a ka: "To su wa ke yi musu daka?"

Muka yi dariya. Can kuma dariyar ta tsaya mana a maƙogwaro. Matar da ta haura shekara 60 a duniya ba ta iya kawo wa ranta cewa akwai ranar da gari zai waye mace ba ta taɓa taɓarya ba. Kafin ta miƙo wayar ta ƙara da cewa ita dai ruwan da ya fi tafkinmu girma ba ta taɓa gani da idonta ba.

A daren muka zauna muka ƙidaya tafiye-tafiyen Inna tun da muka yi wayo. Damagaram, jinyar babanmu, Allah ya jiƙansa. Magarya, gaisuwar mutuwa. Mirya, bikin ƴar ƙanwarta, inda ta kwana uku a gindin murhu. Damagaram kuma, lokacin da hawan jini ya kayar da ita. Duk tafiyar da ta taɓa yi, ko dai wahala ce ta kai ta, ko ta je ta ɗauke wa wani wahala. Kai da ke karanta wannan, ajiye wayar minti ɗaya ka ƙidaya na taka uwar. Za mu jira ka.

Mu ba mu da kuɗin jirgin Miyami, ba ma mafarkinsa. Amma muna da kogi a ƙasarmu. Muka shiga adashi da abokan aiki, wata 14 muna zubi. Muka bari sai da aka yi girbi aka cika rumbu, aka biya kuɗin lakkol na yara, sannan muka yanki tikiti uku. Kar ta tashi daga Damagaram tun kafin asuba, muka bi Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 900, muka shiga Yamai da dare ƙafafun Inna sun kumbura. Muka sauka gidan ɗan ƙanen babanmu. Kashegari ba inda muka je, barci ta yi har hantsi, abin da ba mu taɓa gani ba sai in ba ta da lafiya.

Mun kai su gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Inna ta ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar ƙasarmu, ta ga busasshen itacen Tenere da mota ta kaɗe a 1973 aka kawo shi aka yi masa rumfa. Ta ce lalle mutanen birni ba su da aikin yi, itacen da ya isa girkin kwana biyu aka sa wa mai gadi. Ranar ta uku da la'asar muka gangara bakin kogi kusa da gadar Kennedy, muka hau finas, dogon jirgin katako mai rumfa da inji a baya.

Da jirgin ya bar gaɓa Inna ta damƙe hannun ƙanwarmu tana salati. Bayan kamar minti goma ta saki. Can sai muka ga ta zura hannu a ruwa tana wasa da shi kamar yarinya. Mun wuce masu wanki, mun wuce lambunan kabeji da salati, mun bi ƙarƙashin gadar da aka buɗe a 1970 motoci na wucewa a saman kanmu. Mai jirgin ya kashe inji ya nuna mana kunnuwan dorina daga nesa, ya ce nan za mu tsaya, ba a matsa mata. Ƙanwar tamu, wadda ta samu BEPC bara, ita ta zama malamarmu. Ta ce kogin ya taso ne daga duwatsun Gini, tsawonsa kusan kilomita 4,200, wajen 550 daga ciki a ƙasar Nijar. Inna ta tambaya yaya aka yi ruwa ya cika haka alhali rabonmu da ruwan sama tun watanni. Yarinyar ta ce ruwan damanar Gini ne, yana bazuwa a fadamun Mali ya daɗe a can, shi ya sa ba ya isowa Yamai sai lokacin sanyi. Shekara da shekaru tana haddace wannan da Faransanci don ta ci jarrabawa, sai ranar ta ga abin da take haddacewa. Gani ya kori ji.

Da rana ta yi ja za mu juyo, Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce: "Kai ɗan nan, yau dai na zauna wani na tuƙi, ba wanda ya ce mini Inna ina tuwo." Wallahi jama'a, wannan maganar kaɗai ta biya mu zubin wata 14.

To yanzu mu zo kan masu zargi.

Na farko suka ce almubazzaranci ne, a wannan tsadar rayuwa. Mun yarda rayuwa ta yi tsada, mu ma a kasuwar nan muke awo. Mun kuma yarda cewa wanda rumbunsa ba kowa, ko yake da bashin wani a wuya, bai kamata ya ci wani bashin don yawo ba. Amma bari mu yi lissafin gaskiya. Abin da muka kashe gaba ɗaya, kuɗin mota da abinci da hayar jirgi, bai kai kuɗin wayar da ke hannun wasu daga cikin masu zagin namu ba. A garin nan muna ganin yadda ake yi in biki ya tashi: anko kala biyu, makaɗa, hayar kujeru da rumfa, jikkuna na tashi a dare ɗaya ana liƙa wa mawaƙi a goshi. Ba wanda ya taɓa tsayawa a fada ya kira wannan almubazzaranci. Muna ganin wanda ya samu ribar rake ko ta wake, kafin kuɗin su huce ya ƙaro mata, uwar da ta haife shi tana nan da zane biyu. Shi ma sai a ce masa Allah ya sa alheri. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ranar da tsohuwa ta rasu, a nan ne ƴaƴa ke nuna bajinta. Wanda ke Libiya ya aiko, wanda ke Legas ya aiko, a sauke buhunan shinkafa, a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, mutane su ci su ƙoshi. Ba mu hana kowa yi wa mamaci sadaka ba, Allah ya kai ladan kabarinta. Tambayarmu ita ce: me ya sa kuɗin ba sa fitowa sai ta rufe ido? Shinkafar da ba ta ci da rai ba ita ake rabawa a kan tabarmar makokinta. Wannan ai ihu ne bayan hari.

Na biyu suka ce yawon shaƙatawa al'adar Nasara ce, mu ba mu gada ba. Haba jama'a. Yawon sallah fa, Nasara ne ya kawo mana? Ganin gida da amarya ke zuwa? Yawon arba'in da mai jego ke yi gida-gida da jaririnta, ta ci ado, a ba ta tukuici? Iyayenmu sun san jikin mace na bukatar ta fita ta sha iska, har suka yi wa abin suna da lokaci. Mu ne muka zo muka rage na hutun muka bar na wahalar. Kuma in zancen tafiya ne, mu jikokin fatake ne. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin Damagaram ke kai wa Kano da Agadas har Tarabulus. In kuwa jirgin ruwan ne baƙon abu, ku tambayi tsofaffi yadda kakanninmu ke zuwa Makka kafin jirgin sama. A ƙasa suke bi ta Cadi su ratsa Sudan, wasu shekara da shekaru a hanya suna noma suna ci gaba, har su isa Sawakin ko Fot Sudan, su hau jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da matansu suke tafiya. Zuriyar waɗanda suka tsaya a hanya suna nan a Sudan har gobe suna jin Hausa. Kakar wani a cikinmu ta hau teku tun uban Nasaran da kuke faɗi bai san hanyar Dogo ba.

Na uku, kuma wannan masu hankali ne suka faɗe shi, suka ce da mun tara kuɗin mun kai ta Makka. Amin, Allah ya nufe mu da haka, shi ne babban burinmu. Sai dai kujerar hajji a Nijar a ƴan shekarun nan ta haura miliyan 3 na sefa. Da albashin ma'aikacin rediyon karkara, shekara nawa ke nan? Inna kuwa tana da hawan jini. Mu zauna mu hana ta ɗan abin da muke iyawa yau saboda babban abin da ba mu san ranarsa ba? Kai ta kogi bai soke niyyar Makka ba, adashin ma mun sake shiga. Kuma duk mun sani tun muna makarantar allo cewa da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya fi cancanta da kyautatawar mutum, uwa ya ambata har sau uku kafin uba. Faranta mata rai da abin da yake halal ba sai an nemo masa fatawa ba. Su kuma masu cewa me budurwa za ta je yi bakin ruwa, da uwarta ta tafi da yayanta. Wane muharrami kuke so ya fi wannan?

Na huɗu shi ne zancen haɗari, kuma nan ba za mu yi wa dattijon nan gardama ba, yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mu da muka yi karatu da Faransanci ba wanda bai ji labarin jirgin Joola na Senegal ba, wanda ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 tsakanin Ziganshor da Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, hukuma ta ƙidaya mamata 1,863. Ga na kusa da mu: ranar 30 ga Nuwamba 2021 a Bagwai ta jihar Kano jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Ko manyan jiragen Turawan ba su tsira ba, Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012 mutum 32 suka mutu. Amma ku duba abin da ya kashe mutanen nan: lodi fiye da ƙima, da sakacin masu tuƙi. Mu mai jirgin farko da muka samu ba shi da rigar ceto ko ɗaya, ya ce mana Allah ke tsarewa. Muka ce haka ne, muka wuce wurin na biyu mai riguna, muka ɗaura wa Inna tata a kan hijabinta, muka ƙidaya kawunan da ke cikin jirgin, muka sharɗanta masa mu dawo kafin magariba. Darasin Bagwai shi ne a sa doka a kan lodi da rigar ceto a kuma bi ta. Hanyar Damagaram zuwa Magarya tana cin rayuka, ba mu ga wanda ya daina hawa mota ba.

Yanzu ga wadda ta sa muka ɗauki alƙalami, don sauran da mun haɗiye. Wani ya ce mace ta gari ba ta yawo, darajarta ɗakinta. Wanda ya faɗi haka a jihar Damagaram, ko dai ya manta ko yana so mu manta. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, nan maƙwabtanmu. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. A watan Maris na 2022 kuma gwamnati ta aika jirgin sama Dakar ta kwaso ƴan Nijar fiye da 1,000 da ke bara a titi, mafi yawansu mata da yara daga Kance da Magarya. Ba mu zargi matan nan ba, yunwa ce ta kore su, ba wadda ke goya jariri ta shiga Sahara don daɗi. Muna tambayar mazan ne. Lokacin da mace ke ɗaure kaya ta yi tafiyar kilomita dubbai ta je ta miƙa hannu ta aiko da kuɗin, ina masu cewa darajarta ɗakinta? Wasu har kuɗin mota suke ranto mata. Ashe in za ta kawo ne tafiyarta halal ce komin nisa, in za a kashe mata ne ta zama yawon banza. Wannan ba kishin addini ba ne, ba kuma kishin al'ada ba. Son kai ne aka naɗa wa rawani.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu a kowane wata, wato kwana 30 a shekara, albashinsa na tafiya. Mu da muke cin wannan kwanje mun san daɗinsa. Binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ta 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwa fiye da sau bakwai a rayuwarta. Ku ɗora daka, da ɗiban ruwa, da itace, da gayauna, da jinyar miji, da renon jikoki bayan ta gama na ƴaƴa. Wace ma'aikaciya ce a ƙasar nan ta kai ta aiki, kuma wa ya taɓa sa mata hannu a takardar hutu? Kowace 13 ga Mayu muna ɗinka anko mu yi jawabin ranar matan Nijar a rediyo, mu ma da bakinmu. Tsohuwar da ke ƙauye ranar ma sai ta yi daka.

Ba mu ce kowa ya kai uwarsa Yamai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma Damagaram na nan bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Mata nawa ne a Dogo suka sha zuwa asibitin birnin ba su taɓa tsayawa sun kalli ƙofar fadar Sarki ba, ba su taɓa zaga lungunan Birni ba, ba su san garin ne babban birnin Nijar har zuwa 1926 ba? Ga tafkin Gidimuni da dabinonsa da tsuntsayensa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2019, baƙi na zuwa daga nesa su gani, mu yana bayan ɗakinmu. Ga Madarumfa ga wanda ke da ƴan uwa a Maradi. In duk wannan ya yi nisa, ka ɗauke ta a babur da yamma ka kai ta lambun Korama, ka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ka yanko mata rake, ka saya mata tsire, ka ce wa matarka da ƙannenka yau tukunyar Inna a kife take. Wannan bai kai kuɗin shayi da sikarin fadarku na sati ba.

Ga ƴan fada kuma muna da shawara. Kuna da kes da kuke zubi don bikin junanku. Ku buɗe wani na iyaye mata. Bayan girbi ku yi hayar mota ɗaya ku kwashi tsofaffin unguwa ku kai su wuni guda, ku tafi da ƙannenku mata su ma su ga abin da suke karantawa a littafi. Fadar da ta fara, ta aiko mana, mu za mu zo da na'urarmu mu ɗauki muryoyin tsofaffin mu sa a iska kowa ya ji.

Shi kuma dattijon da ya ce mun kai tsohuwa bakin halaka, Baba, muna neman afuwa in harshenmu ya yi kaifi, girmanka na nan. Muna roƙonka abu ɗaya: ka biyo ta gidan ka gaisa da Inna, ka tambaye ta labarin dorina. Sai dai ka zo da lokaci a hannu, don matan unguwa sun ji shi ya fi sau ashirin, kuma kullum dorinar ƙara girma take.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda ke raye ya ba mu ikon kyautata musu tun suna gani. Layinmu a buɗe yake a shirin yamma, mai goyon baya da mai suka duk a bugo, ba za mu katse kowa ba. Sai mun ji ku.